Linzami da Bakin Kaza: Rabon Makarantunmu a Gasar Ƙwallon Kwando



An nemi mu tofa albarkacin bakinmu a kan muhawarar nan ta gasar ƙwallon kwando a makarantun sakandare: shin adalci ne a haɗa makaranta mai ɗalibai 200 da mai 2,000 a rukuni guda? Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ne Ba'amurken nan, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana horar da matasa. A garin nan kuma Masai Ujiri ya tashi, wanda yake shugabancin Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. To, yaranmu na cikin ganuwa fa, ta wace ƙofa za su shiga?

Masu son a raba suna cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mutum biyar ke shiga fili, kuma wanda ya tsamo dogaye biyar daga cikin dubu ya riga wanda ya tsamo daga cikin ɗari. Yaron da ake lallasawa kowace shekara kuwa ƙarshenta zai rataye takalminsa. Ko a dandalin kokawa, ai kowa da sa'arsa ake haɗa shi.

Masu ƙi kuma suna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma tarihi ya ba su hujja daga jihar Indiyana ta Amurka. A 1954 makarantar ƙauyen Milan, mai ɗalibai 161, ta doke Muncie Central, wadda ta ninka ta kusan sau goma, da ci 32 da 30, ta ɗauke kofin jiha. Duk da haka, bayan gasar 1997 jihar ta kasa makarantunta gida huɗu bisa yawan ɗalibai, 'yan kallo kuma suka ragu.

Mu dai da muka tsufa da alli a hannu, abin da muka gani shi ne ma'aunin Amurka ba zai auna hatsinmu ba. A nan, sau da yawa makarantar da ta cika maƙil ita ce ta gwamnati, wadda ba ta da fili mai daɓe, ba ta da mai horarwa. Ƙaramar kuwa ta kuɗi ce, mai fili da ƙwallaye. Idan aka raba da ƙidayar kawuna kaɗai, an jefa ɗan talaka cikin manya, an bar ɗan gata cikin ƙanana.

Saboda haka shawararmu uku ce. A yi rukuni biyu, a duba yawan ɗalibai tare da fili da mai horarwa. Zakaran ƙaramin rukuni ya haura babba a shekara mai zuwa, kada a rufe wa kowa ƙofa. Sannan a tantance rajista da shekarun haihuwa, domin ɗan haya mai gemu ya fi kowane rabo zalunci.

'Yan'uwa mazauna birane, rabo ba ya gina fili. Kowa ya tuna makarantar da ta rene shi, mu haɗa hannu mu daɓe mata fili ko da guda ne.

Allah Ya taimaki Zazzau, Ya raya mana zuriya.