Kasafin Ƙaramar Hukuma da Kwangila: Ina Rabon Sabo?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Sabon Ibadan)



An ce in yi magana a kan kuɗin ƙaramar hukuma, yadda ake kasafta shi da yadda ake ba da kwangila. To, ni ɗan kasuwa ne, da idon ɗan kasuwa zan duba abin.

Jama'a, Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, guda 33 suna nan Jihar Oyo, mu kuma Sabo muna cikin Ibadan ta Arewa. Kason su duka daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, ban da kuɗin shiga da suke tarawa da kansu. Wannan na biyun fa daga aljihunmu yake fita: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin mayanka, lasin shago. Tsarin mulki na 1999 kuwa ya ɗora musu kula da kasuwa, da tashar mota, da maƙabarta, da kwasar shara, da magudanar ruwa. Wato duk abin da muke kuka a kansa da damina aikinsu ne, ba alfarma ba ce.

Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma. Aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya, har aka shiga 2025 ana ja-in-ja. Amma ko da kuɗin ya iso cif-cif, in babu mai sa ido, an dai sauya wa ɓera rumbu ne.

Kasafi gida biyu gare shi. Akwai na yau da kullum, wato albashi da mai da takarda, akwai kuma na ayyuka, kamar kwalbati da asibiti da aji. Na farko shi yake lashe mafi yawa, balle da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Ɗan abin da ya rage shi ake rububi a kai. Nan ne nake ganin babban kuskure. Sai a haƙa rijiyar burtsatse, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, amma ba a ware ko kwabo na gyaran famfo ba. Bayan wata shida ta mutu, baɗi a sake ba da kwangilar sabuwa kusa da ita. Wane ne a cikinku zai sayi tirela bai tanadi kuɗin taya da bakanike ba? Haka kuma a rubuta kuɗin shigar da kowa ya san ba za a tara ba, a raba kwangila a kansa, shekara ta ƙare da bashi, ciyaman mai zuwa ya gaji kango. A kasuwa sunan wannan cin uwar kuɗi.

Ita kwangila tana da doka. Ta tarayya an yi ta a 2007, jihohi ma sun yi nasu. Ƙa'idar ba ta da wuya: a yi shela, masu so su kawo farashi a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a ba mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Dabarar da ake yi kuwa ita ce a yayyanka babban aiki ƙanana-ƙanana don kada ya kai matsayin shela. Ko mutum ɗaya ya zo da kamfani uku. Ko ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami ya sayar da takardar ga wani, wancan ma ya sayar, kafin a kai ga mai zuba siminti rabin kuɗin ya tafi a la'ada. Shi ya sa kwalbati yake rubzawa a ruwan farko.

Yanzu namu laifin. Tun 1916 aka kafa Sabo, amma har gobe wasunmu katin zaɓensu yana Kano ko Sakkwato. Kansila ƙuri'a yake ƙirgawa, ba gemu ba. Muna biyan kuɗin rumfa ba ma karɓar rasit, sa'an nan mu ce an cuce mu. Malamai suna nan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Shawarata, ranka ya daɗe, a kafa kwamitin mutum biyar, a sa yaranmu biyu masu boko da mace guda daga masu sayar da abinci. Kafin watan Oktoba su rubuta buƙatun unguwa, kada su wuce uku, su kai wa kansila da sakatariya, a buga hatimi a kan kwafinmu. Su nemi kwafin kasafi a rubuce, dokar 'yancin samun bayani ta 2011 tana nan. In an fara aiki a layinmu su tambayi sunan kamfani da kuɗin da ranar gamawa. Masu hali kuma su yi wa kamfani rajista, su biya haraji, su shiga neman kwangilar kamar kowa.

Ina roƙon Sakatare ya sa maganar kwamitin nan a ajandar zama mai zuwa.