Jawabin Shugaban Horaswa a Bikin Yaye Likitoci da Ma'aikatan Jinyar Zuciya, Doha

 

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi, shehunan malamai da suka karantar, wakilan asibitocinmu na Kano da Zariya da Sakkwato, 'yan'uwanmu na Maraɗi, dattawan Hausawa mazauna Doha, iyaye mata, da ɗalibanmu da ake yayewa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan haka, wajibi ne mu miƙa godiya ga masu masaukinmu a wannan birni, wanda ya buɗe Asibitin Zuciya na hukumar Hamad a 2011, kuma bai gushe ba yana karɓar masu neman ilmi hannu bibbiyu. Ɗalibanmu sun yi ɗawainiya, sun kwana a kan marasa lafiya, sun ƙware wajen ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya da buɗe waɗanda suka toshe, Allah Ya saka musu da alheri.

Tun daga zamanin Ibnun Nafis, wanda ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1288, har zuwa lokacin da Lucien Campeau ya isa jijiyoyin zuciya ta wuyan hannu a Kanada a 1989, Ferdinand Kiemeneij kuma ya biyo bayansa da buɗe toshewa ta wannan hanya a Amsterdam, masana ba su daina neman ƙofar da ta fi sauƙi ga majinyaci ba. Binciken MATRIX na 2015, a kan mutum 8,404, ya nuna shiga ta hannu ta fi shiga ta cinya ƙarancin zubar jini da mace-mace. Sai dai jijiyar hannu siririya ce, musamman ga mata, saboda haka aka ƙera kube mai siririn bango, irin Glidesheath Slender na kamfanin Terumo, wanda kaurinsa ta waje milimita 2.46 ne maimakon kimanin 2.6, alhali bututun aiki na wucewa ta cikinsa kamar yadda aka saba.

To, a nan zan ɗan ajiye takarda. 

Abin da ke hana ni barci shi ne sa'o'in da ke biyo bayan zare kuben, lokacin da likita ya wanke hannu ya tafi, aka bar majinyaci da maɗaurin iska a wuyan hannu. Na ga inda aka matse maɗaurin nan tamau, aka manta da shi har sallar isha'i, saboda tsoron ɗigon jini a zanin gado. Jijiyar ta toshe, kuma da yake ɗaya jijiyar na ci gaba da ciyar da yatsu, babu wanda ya lura, har aka sallami bawan Allah yana ta godiya. Sai ranar da ciwon ya dawo, ko ƙodarsa ta gaza ana neman inda za a haɗa masa hanyar wankin ƙoda, a tarar ƙofa a rufe. Wannan jijiya amana ce a hannunku, kuma sirancin kube, duk da falalarsa, bai ɗauke muku farillan aiki ba. Ku ba da hefarin, maganin hana daskarewar jini, yadda ya kamata. Ku rage iskar maɗauri sannu a hankali, ku maƙala na'urar auna iskar jini a babban yatsa, ku danne jijiyar gefen ƙaramin yatsa, ku tabbatar jini na gudana. Ku sake dubawa kafin sallama, ku rubuta, ku sa hannu. Wallahi likitan da ya bar wa ma'aikaciyar jinya wannan nauyi ita kaɗai, bai cika alkawarin sana'arsa ba, ko da takardunsa sun cika bango.

Ina roƙon shugabannin asibitocinmu, don Allah, ku tanadi littafi a kowane ɗakin aiki, a riƙa rubuta halin jijiyar kowane majinyaci kafin ya fita, ku kuma riƙa duba shi da kanku kowane wata.