Wa Ke Riƙe da Jam'iyya a Kebbi?

Masu sauraro na Ngaski, Yauri, Shanga da bakin tafkin Kainji, sharhin yau kan rikicin cikin gida ne a shugabancin jam'iyya.

Kafin zaɓen 2023, jam'iyyar APC a Jihar Kebbi ta dare gida biyu, ɓangaren Gwamna Atiku Bagudu da na Sanata Adamu Aliero, kuma tushen saɓanin shi ne wanda zai naɗa shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓa, domin wanda ya riƙe su shi ke riƙe da deliget, wato wakilan da ke tsayar da ɗan takara a zaɓen fidda gwani. A 2022 Aliero ya koma PDP, a zaɓen 2023 kuma ya kayar da Bagudu a kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya, yayin da a Kebbi ta Kudu, inda Ngaski take, Garba Maidoki na PDP ya kayar da Sanata Bala Ibn Na'Allah.

A nan ne, masu sauraro, cin hanci ke samun ƙofa. Deliget kaɗan ne, kuma kaɗan ba su da wuyar saye. Idan kuɗi ya tsayar da ɗan takara, masunci a Wara da manomi a Shanga sai dai su zaɓa cikin abin da aka riga aka zaɓa musu, alhali su ne ke ɗanɗana kuɗar rashin hanya da asibiti.

A 2025 sanatocin Kebbi uku suka koma APC, amma a lokacin tsarin deliget bai sauya ba.