Saki da Wulakancin Mata a Ƙagaggun Labaran Hausa



Littattafan gasar 1933, watau su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, maza ne suka rubuta su, kuma mace a cikinsu ba ta wuce abin da jarumi ya tarar a hanya ba. Sai a 1980 Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya, sa'an nan aka fara jin muryar cikin gida.

Amma wadda ta ɗauki wulakancin mace ta mai da shi jigo sosai ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana yarinya. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, ya auro Delu, ya saki uwargidansa Rabi, ya kore ta tare da 'ya'yanta tara. Abin lura a nan shi ne, marubuciyar ba ta yi jayayya da Shari'a ba. Ai Suratul Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta kafin ta gama idda, ciyar da 'ya'ya kuwa wajibi ne a kan uba. Alhaji Abdu ya take duka biyun, sunansa na Alhaji bai ragu ba. Ashe ƙarar da littafin ya shigar ba ta miji ɗaya ba ce, ta unguwar da ta zuba ido ce.

Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta guje shi, sai aka taru a kan Rabi da magiya da matsin lamba har ta koma.

Wannan kome shi ne wurin gardama. Masu karatu da yawa sun ɗauke shi sakamakon haƙuri. Wanda ya bi labarin a hankali zai ga ba haka ba ne, gama ranar da aka kori Rabi ba a nemi ra'ayinta ba, ranar da aka mayar da ita ma ba a saurari nata ba. Abin da ya sauya kawai, yanzu tukunyarta ce ke ciyar da gidan.

A 2012 Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft ya buga shi a ƙasar Indiya.