Babban Yatsa da Madadinsa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai, Zango

 

Maganata a yau kan babban yatsa ce. Likitoci sun ƙiyasta cewa shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu. In babu shi, riƙe alƙalami ko fartanya ko allura sai ya gagara. Ga shi kuwa da kaka, injin casa da injin niƙa suna cinye yatsun matasanmu.

In yatsa ya guntule, kada a yar da shi. A naɗe shi da tsumma mai tsabta mai danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Sai a garzaya asibiti, domin sa'o'i kaɗan ake da su. Tun 1965 likitocin Japan suka fara mayar da babban yatsan da ya guntule, ya kuma rayu.

In bai mayu ba, da sauran dabara. A 1968 wani likita a Ingila, John Cobbett, ya ciro babban yatsan ƙafa ya dasa a hannu. Akan kuma juyo da manuni ya maye gurbinsa. Sai yatsan roba na silikon, wanda ake auna shi a kan dungun. Ba ya jin zafi ko sanyi, amma yana ba sauran yatsu abin tokarawa, yana kuma rufa asiri. A Uyo, John Amanam yana ƙera irinsa da launin fatarmu, sana'ar da ya shiga bayan ɗan'uwansa ya rasa yatsu. Kusa da mu kuma, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen gaɓoɓin roba.

Shawarata biyu ce. Mu zaga wurin masu injuna kafin kaka mu faɗakar da su a kashe inji kafin a sa hannu, kuma a bar babbar riga a gida. Sa'an nan mu ware wani abu daga asusunmu don kuɗin mota da magani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.