Dala Hamsin da Tuwon Dare

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa ƴan Zermu mazauna birni, muna neman ku ba mu aron kunne a kan ƙwandalar dala hamsin, wato tamma 250, mai launi biyu.

Bankin BCEAO ne ya fito da ita a 1992, amma har yau akwai masu gudunta. Wani ya ce ba ta kwana da ƴan'uwanta, in ta shiga aljihu sai ta kore su. Wani ya ce tana kashe kasuwa. Mu dai da muke koya wa yara lissafi a lakwal, mun ƙirga mun sake ƙirgawa, hamsin ce cif.

To, wa ke shan wahalar? Uwargida ce. Hatsi yana rumbu, ta surfa, ta niƙa. Abin da ya rage kayan miya ne: kuka, daddawa, gishiri, tonka, in da saura a ƙara ƙuli-ƙuli. Ta aiki yarinya da ƙwandalar, mai tebur ya ce a canzo. Magariba ta yi, ga tuwo ba miya, ko kuma a ci bashi alhali kuɗin suna hannu.

Dattawa sun fi mu sani, kakanninmu da suka saba da wuri, bayan zuwan Faransawa Damagaram a 1899, sun daɗe suna ƙyamar kuɗin takarda. Yau wa ke mayar da jika?

Roƙonmu: masu tebur a cikinmu su riƙa karɓa. Waɗanda suka goge kuwa, a tara wa ma'ajin ƙungiya, ya kai reshen bankin da ke Damagaram a musanya. Wassalam.