A RIƘA LISSAFI DA BUHU: JAWABI KAN TSADAR RAYUWA A TARON NALERIGU

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya a taron makiyaya da fataken shanu da aka yi a Nalerigu. Mun buga shi duka saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)

 



Da farko muna miƙa gaisuwa ga Mai martaba Nayiri, wanda a garinsa muka taru, Allah ya ja zamaninsa. Sa'an nan muna yi wa baƙinmu na Salaga da Yendi da Bawku barka da zuwa. Mun san abin da kowannenku ya biya na mota kafin ya iso nan, kuma wannan kuɗin motar ma yana cikin abin da ya tara mu yau, wato tsadar rayuwa a ƙasar Ghana da yadda take cin garkunanmu.

Jama'a, sau da yawa in makiyayi ya koka da tsada sai mutanen gari su ce masa, "Kai ma har kana da bakin magana? Ai shanu sun yi kuɗi!" Gaskiya ne shanu sun yi kuɗi. Amma tambayar da muke so kowa ya koma gida da ita ita ce, sa ɗaya buhun masara nawa yake sayowa? Alal misali, mu ƙaddara mutum ya sayar da sa a kan sidi 4,000 lokacin da buhu yake sidi 200. Ya sami buhu 20 ke nan. Bayan shekara biyu ya sayar da irin wannan san a kan sidi 7,000, yana murna, alhali buhu ya koma sidi 500. Buhu 14 kawai zai ɗora a mota. Kuɗin hannunsa sun ƙaru, amma abincin iyalinsa ya ragu da buhu shida, kuma don ya cike giɓin sai ya sake kama wata dabba ya kai kasuwa. Ta wannan ƙofa garke yake zurarewa, mai shi bai ga ɓarawo ba, bai ga cuta ba.

Wannan lissafi kuwa kakanninmu sun san shi. A zamanin da Salaga take babbar kasuwar goro, ayarin Hausawa kan zo da kanwa da tufafi da dabbobi, su koma da goron Asante. Madugu ba ya cewa ya ci riba sai ya ƙirga goron da kayansa suka sayo. Mu ne muka bar takardar kuɗi ta ruɗe mu, ga shi kuwa ta sha ba mu kunya. Dattawan da ke nan ba su manta da shekarar 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji, lokacin da aka koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya, farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. Mutum yana da kuɗi a aljihu amma babu hatsin saye. A watan Yuli na 2007 aka sake kuɗi, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi ɗaya, wadda a ran nan ta ɗan ɗara dalar Amurka. Har yanzu akwai masu cinikin shanu da lissafin miliyoyin da, amma sunan ne kawai.

To, sai ga 2022. A farkon shekarar dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin watan Nuwamba ya ƙare ta haura sidi 13. Litar man gas da manyan motoci ke sha ta tashi daga wajen sidi 7 zuwa sama da 20. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba farashin kaya ya hau da kashi 54 daga cikin ɗari a shekara guda. A cikin watan ne kuma gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, sa'an nan a watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince ya ba Ghana rancen dala biliyan 3. Waɗannan maganganu ne na Akra, amma a ruga da kasuwar shanu aka ji zafinsu, kuma ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce kayan kiwo. Maganin sammore da na hanta da na kaska galibi daga waje ake shigo da su, da dala ake biya. Ranar da sidi ta faɗi, ranar kwalba take tashi. Da yawa daga cikinmu sun koma raba allurar saniya ɗaya wa shanu biyu, ko sayen maganin da ake shanyawa a rana a kasuwa wanda ba a san asalinsa ba. An kashe kuɗin, saniyar kuma ba ta warke ba. Haka gishiri da kanwa da dusa da angurya, babu wanda ya tsaya inda yake.

Ta biyu ta shafi fatake. Shanu da yawa da ake yankawa a Kumasi da Akra daga Burkina Faso suke shigowa, daga kasuwanni irin su Pouytenga da Bittou. Falke yana saye da sefa, ya sayar da sidi. Ita sefa an ɗaure ta da kuɗin Turai, ba ta rawa kamar tamu. A 2022 mutum kan kai mota guda Turaku ta Ashaiman, ya sayar da riba a baki, amma in ya dawo iyaka ya canja kuɗin sai ya tarar ba za su sayi adadin shanun da ya tafi da su ba. Ga kuɗin mota, ga shingaye tun daga Bolga, Walewale, Tamale, Buipe har Techiman, kowanne da abin da ake ajiyewa. Duk wannan a ƙarshe daga wuyan sa ake cire shi, wato daga farashin da ake taya wa makiyayi.

Ta uku ita ce bashi. Sana'armu tun fil azal a kan amana take tafiya. Falke ya sauka wurin maigidansa, dillali ya haɗa shi da mahauci, mahauci ya ɗauki sa sai ya sayar da nama ya biya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba mu ce a daina ba. Amma a shekarar da kaya ke hawa da kashi 54, sidi 10,000 da aka riƙe maka wata uku, ranar da aka biya ka abin da za su saya bai wuce na sidi 9,000 ba. An biya ka cif, kuma an ci maka ushiri.

Ta huɗu ita ce ta masu kiwon shanun wasu, su da matansu. A da ladan makiyayi nono ne, da gona mai taki, wani wurin har da maraƙi bayan an ɗau lokaci. Wanda aka mayar da ladansa kuɗin wata, aka kuma bar shi a kan tsohon adadi, shi ya fi kowa shan wuya. Iyayenmu mata masu tallan fura da nono da wagashi su ma sun gani, domin gero da kuɗin mota sun tashi, mai saye kuwa ba ya yarda a ƙara masa.

Bayan waɗannan sai Allah ya jarrabe mu da wasu. A watan Yuni na 2023 cutar saifa ta ɓulla a Binduri da kewayenta, hukuma ta hana zirga-zirgar dabbobi da yanka a jihar Upper East ana dab da babbar Salla, lokacin da mai rago da mai sa suke sa ran cinikin shekara. A daminar 2024 ruwa ya ɗauke makonni a Yuli da Agusta, gonaki suka ƙone a nan Arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya. Wanda bai tanadi hatsi ba, karsanarsa ce ta biya.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun ƙarshen 2021 rikicin Bawku ya sake tashi, an yi asarar rayuka, an sa dokar hana fita, an tare motoci a hanya. Mu ba mu taru don raba gardamar sarauta ba, wannan tana da masu ita. Abin da muka sani shi ne kasuwar da ta yi suna a kan iyakar ƙasashe uku ta yi sanyi, direba kuma ba ya shiga hanyar tsoro sai an ninka masa. Mutanen Yendi da Salaga sun san wannan tun 1994, lokacin da gardama a kan cinikin zabo a wata kasuwa kusa da Bimbilla ta zama yaƙin da ya ci sama da mutum dubu, garkuna suka watse. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma shi ne farkon araha.

Dole mu faɗi alherin da aka gani. A watan Afrilu na 2025 an soke harajin tura kuɗi ta waya da aka sa tun 2022. A cikin shekarar sidi ta farfaɗo daga wajen 15 a kan dala zuwa kusan 10, hauhawar farashi kuma ta sauko ƙasa da kashi 10 kafin ƙarshenta. Amma a fahimta, in an ce hauhawa ta ragu, ana nufin kaya sun rage saurin tashi. Yawancinsu suna nan a saman da suka hau. Sa'an nan waɗanda suka ɓoye dala da sefa don gudun sidi, su kuma a 2025 suka yi kuka. Takarda ba ta da amana ko ta wace ƙasa ce. Karsana kuwa tana haihuwa.

Saboda haka ga shawarwarin da muke ba 'yan ƙungiya.

Na ɗaya, kafin ka sallama dabba, ka fara tambayar farashin buhu a ranar. Muna roƙon kowane reshe ya sami littafi da yaro mai karatu, ko da ajami ne, ya riƙa rubuta farashin matsakaicin sa da na buhun masara kowace ranar kasuwa, a aiko mu buga a wannan takarda. Na Salaga ya san abin da ake ciki a Gushegu, na Nalerigu ya san na Buipe.

Na biyu, a sayar da kaka, lokacin da dabba take da jiki hatsi kuma yana da sauƙi, a sayi abincin shekara nan take. Wanda ya jira bazara zai kai ramammen sa ya sayo hatsi mai tsada, ya yi asara sau biyu. Gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi hatsi da dusa da gishiri a sari, su ajiye harawa.

Na uku, in ya zama dole a sayar, a fara da bijimai da guzuma. A bar karsana da mai ciki, su ne garken gobe.

Na huɗu, bashin shanu a yanka masa rana a gaban shaidu, kada ya wuce mako biyu ko uku. Muna roƙon sarakunan pawa da masu masauki su taimaka mana a kan wannan. Masu ba da kiwo kuma su dubi Allah su sake duba ladan makiyayansu, in da hali a haɗa da hatsi ko maraƙi.

Na biyar, a kai dabbobi rigakafi wurin malaman dabbobi na gwamnati, a bar maganin bakin hanya.

Ga hukuma kuma muna da roƙo. Duk kuɗin da za a karɓa a kan saniya, a kasuwa ko a kan hanya, a bayyana shi a fili, a ba da rasit. Majalisun gundumomi da ke karɓar harajin shanu su nuna mana mashaya da burtali da wurin lodi da aka yi da shi. Sa'an nan 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasar nan, iyayensu ma a nan aka haife su, a sauƙaƙa musu samun katin shaidar ɗan ƙasa. Wanda ba shi da kati ba ya iya rajistar layin waya ko buɗe ajiya a banki, sai ya ɗauko kuɗin shanunsa a jaka ya bi daji da su, 'yan fashi kuwa sun san ranar kasuwa.

'Yan'uwa, farashin dala ba a hannunmu yake ba, ruwan sama ma haka. Amma ranar sayarwa, da dabbar da za a kama, da wa'adin bashi, waɗannan a hannunmu suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kowane wakili ya kai wannan magana rugarsa da zangonsa, a taro mai zuwa kuma ya zo mana da littafin reshensa.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Bawku da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.